Jaridun 'Yan Kudu a Hartum: Shekara 46 Suna Ba da Shaida

A ranar Lahadi, 11 ga Yuli 1965, an ɗaura aure a garin Wau, can kudancin ƙasar Sudan. Da aka fito daga majami'a jama'a suka taru a gida domin biki, da yawa daga cikinsu kuwa ma'aikatan gwamnati ne da malamai da sauran waɗanda suka yi ilimi a cikin 'yan Kudu. Da dare ya yi sai soja suka kewaye gidan, suka buɗe wuta. Mutum 76 aka lissafta sun mutu. Kwana uku kafin wannan, a daren 8 ga Yuli da washegari, soja sun bi unguwannin Juba suna harbi suna cinna wa bukkoki wuta, 'yan Kudu kuwa suka ce waɗanda aka kashe sun wuce dubu.

Tsakanin Wau da Hartum, babban birnin ƙasar, akwai nisan kimanin kilomita 1,000. Bayanin gwamnati shi ne da 'yan tawaye soja suka yi arangama. Da maganar ta tsaya nan, da yawancin mutanen Hartum da Omdurman ba su ji wani abu dabam ba. Amma akwai wata ƙaramar jarida a birnin, wadda ba ta cika wata huɗu da kafuwa ba, sunanta The Vigilant, wato mai zaman tsaro. Ita ce ta buga labarin kamar yadda 'yan Kudu suka gan shi. Gwamnati ta rufe ta, ta kai masu ita gaban shari'a.

Wannan rubutu tarihin jaridar nan ne da wasu biyu da suka gaje ta a birnin, wato Sudan Times da Khartoum Monitor. Daga 1965 zuwa 2011 su ne bakin wata al'umma da take zaune a babban birnin ƙasarta, amma ana duban ta kamar baƙuwa.

Inda irin wannan jarida ta samo asali

Kafin mu shiga Sudan, ya kamata mu leƙa Amurka kaɗan, gama a can ne irin wannan jarida ta fi daɗewa, a can ne kuma aikinta ya fi fitowa fili. A ranar 16 ga Maris 1827 baƙaƙen fata biyu, Samuel Cornish, wanda fasto ne na ikilisiyar Firesbiteriya, da John Russwurm, suka fara buga Freedom's Journal a birnin Niyok. A lokacin ana kan bautar da danginsu a jihohin kudu, jaridun Turawa kuwa sukan yi maganar baƙin mutum ba tare da sun tambaye shi ba. Cornish da Russwurm suka ga ya kamata mai ciwo ya faɗi inda yake masa zafi da bakinsa.

A 1852 ikilisiyar baƙaƙe ta AME ta soma buga Christian Recorder a Filadelfiya. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka 'yanta bayi, jaridar nan ta riƙa buga cigiya. Uwa takan rubuto sunan ɗanta da aka sayar shekaru da yawa baya, da sunan wanda ya saye shi, tana roƙo a karanta a majami'u ko Allah ya sa wani ya san inda yake. A 1892 wata mata mai suna Ida B. Wells ta yi rubutu a jaridarta ta Memfis a kan yadda taron Turawa suke kashe baƙaƙe ba shari'a, bayan an kashe abokanta uku. Aka farfasa mata ofis, ba ta sake zama a garin ba. A 1905 kuma Robert Abbott ya kafa Chicago Defender a Shikago, baƙaƙen ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙa ɗaukar ta a ɓoye zuwa garuruwan kudu inda aka hana sayar da ita.

Idan mai karatu ya lura, aiki uku ne jaridun nan suka yi. Sun ajiye sunayen waɗanda aka zalunta. Sun haɗa mutanen da aka warwatsa. Sun kuma mayar da amsa ga abin da ake faɗa a kansu. Waɗannan ayyuka uku za mu sake gani a bakin Kogin Nilu.

Yadda ɗan gari ya zama baƙo

Rabuwar arewa da kudancin Sudan tana da tsohon tushe. A ƙarni na 19 fataken bayi daga Hartum sun yi ta kai hari ƙasashen Dinka da Nuwer da Shilluk da sauransu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Zubair Fasha, wanda ya kafa sansaninsa a lardin Baharul Gazal. Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893, a cikin mayaƙan Zubair ɗin nan ya tashi. Saboda wannan tarihi, kalmar Larabci ta bawa ta daɗe tana zaman zagin da ake jifan ɗan Kudu da shi a titunan arewa.

Da Ingilishi suka ci ƙasar a 1898, sai suka riƙe kudu dabam. Dokar rufaffun larduna ta 1922 ta hana ɗan arewa shiga kudu sai da takardar izini, a 1930 kuma aka ƙara ƙarfafa wannan tsari. Makarantun kudu aka bar su a hannun 'yan mishan: Katolika mabiyan Daniel Comboni, wanda ya rasu a Hartum a 1881, da CMS, da Firesbiteriya na Amurka. SUM da SIM, waɗanda muka sani a nan ƙasarmu, su ma sun yi aiki a Duwatsun Nuba da yankin da yake kusa da iyakar Habasha. A makarantun nan da harshen gida ake farawa, sa'an nan a shiga Turanci. Wannan shi ya sa ɗan Kudu mai ilimi ya tashi da Turanci, takwaransa na arewa kuwa da Larabci.

Jaridun Hartum duk a wancan gefe suke. Hadarat al-Sudan ta fito a 1919, al-Nil a 1935, al-Ra'y al-Amm a 1945, al-Ayyam a 1953. Da Larabci ake buga su, mutanen bakin kogi ne suke rubuta su, su ne kuma suke karantawa. Rediyon Omdurman, wanda aka buɗe a 1940, haka yake. A kudu 'yan mishan Katolika suna da wata ƙaramar jarida a Wau mai suna The Messenger, amma muryarta ba ta kai inda ake yanke shawara.

Sa'ad da Turawa suke shirin tafiya a 1954, aka raba manyan muƙamai kimanin 800 da za su bari. Abin da ya faɗo wa 'yan Kudu bai kai goma ba. A ranar 18 ga Agusta 1955 sojan kudu suka yi bore a Torit, ƙasar kuwa ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956 da wannan miki a jikinta. A 1957 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Janar Ibrahim Abbud, wanda ya ƙwace mulki a 1958, ya mai da Jumma'a ranar hutu a kudu a maimakon Lahadi a 1960, ya kafa dokar ƙungiyoyin mishan a 1962, a Fabrairu 1964 kuma ya kori 'yan mishan baƙi da suka rage a kudu, wajen mutum 300.

The Vigilant, 1965 zuwa 1969

A Oktoba 1964 ɗalibai da ma'aikata a Hartum suka tashi, mulkin Abbud ya faɗi. Gwamnatin riƙo ta Sirr al-Khatim al-Khalifa ta ba wani ɗan Kudu, Clement Mboro, muƙamin ministan harkokin cikin gida, abin da ba a taɓa yi ba. Ran Lahadi, 6 ga Disamba 1964, 'yan Kudu mazauna birnin suka cika filin jirgin sama domin su tarye shi daga rangadin kudu. Jirgin ya yi latti. Jita-jita ta bazu cewa an kashe shi. Kafin gari ya waye faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan Kudu da 'yan arewa a tituna, aka yi asarar rayuka. Abin da ya kunna wutar nan rashin sahihin labari ne, kuma masu ilimi a cikin 'yan Kudu sun ga haka da idonsu.

A cikin watan Maris 1965, sa'ad da ake taron sulhu tsakanin 'yan siyasar arewa da na kudu a Hartum, The Vigilant ta fito. Fitowarta ta fari ran 23 ga watan ne. Bakin ƙungiyar Southern Front ce, wato ƙungiyar 'yan Kudu da suka zaɓi su yi gwagwarmaya a cikin gida maimakon gudun hijira. Darius Bashir ne mai ita, Bona Malwal, ɗan wani sarkin Dinka, shi ne edita. Da Turanci ake buga ta, domin shi ne harshen da ɗan Dinka da ɗan Bari da ɗan Zande da suka yi makarantar mishan za su iya haɗuwa a kansa.

Taron sulhun bai haifi kome ba. A watan Yuni Muhammad Ahmad Mahjub ya zama firayim minista, ya sakar wa soja mara a kudu. Abin da ya biyo baya shi ne kisan Juba da na Wau da muka fara da su. Da jaridar ta buga labarin, aka dakatar da ita daga Yuli 1965 har Janairu 1966. Sa'an nan ta komo, ta ci gaba da kawo labarin ƙauyukan da aka ƙone da mutanen da aka kama, har zuwa Mayu 1969, lokacin da Kanar Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki ya rufe ta. Shekara guda bayan haka gwamnatinsa ta mai da jaridun ƙasar mallakarta.

Shekara huɗu kawai The Vigilant ta yi. Ba ta hana soja harbi ba, ba ta kuwa ta da wanda ya mutu ba. Abin da ta yi shi ne ta sa maganar a takarda, da kwanan wata, a cikin birnin da aka ba da umarnin, tun waɗanda suka gani da ido suna da rai. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Haka rubutu yake, har ya fi.

Sudan Times, 1986 zuwa 1989

A 1972 aka yi sulhu a Addis Ababa, da taimakon Majalisar Ikilisiyoyin Duniya da ta Ikilisiyoyin Afirka, da goyon bayan Sarki Haile Selassie. Kudu ta sami gwamnatin yanki a Juba. Bona Malwal ya shiga gwamnatin Numairi, har ya zama ministan watsa labarai, a zamaninsa ne kuma aka kafa mujallar Sudanow a 1976. Daga baya suka ɓata, aka tsare shi. A 1983 Numairi ya rushe yarjejeniyar, ya rarraba kudu gida uku, a watan Satumba kuma ya kafa dokokin shari'a a kan ƙasar duka. Yaƙi ya sake tashi, wannan karo a ƙarƙashin John Garang da rundunar SPLA.

Bayan an kawar da Numairi a Afrilu 1985, aka yi zaɓe a 1986, Sadik al-Mahdi ya zama firayim minista, jaridu masu zaman kansu suka dawo. A wannan shekara Bona Malwal ya haɗa kai da Mahjub Muhammad Salih, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa al-Ayyam, suka fito da jaridar kullum ta Turanci mai suna Sudan Times. Ya kamata mu tsaya a kan wannan. Mahjub Musulmi ne, ɗan arewa. Bona Kirista ne, ɗan Kudu. Ƙasarsu tana yaƙi a kan wannan layi, su kuwa suna zaune a ofis ɗaya suna fitar da jarida ɗaya.

Shekarun nan masu wuya ne ƙwarai. Gwamnati ta ba wasu ƙabilun makiyaya makamai, suka riƙa kai hari arewacin Baharul Gazal, suna kora shanu, suna kwashe mata da yara. A Maris 1987 aka kashe 'yan Dinka masu gudun hijira a garin Ed Da'ein, da yawa daga cikinsu a cikin taragon jirgin ƙasa aka ƙone su. Malamai biyu na Jami'ar Hartum, Ushari Mahmud da Suleiman Baldo, waɗanda ba 'yan Kudu ba ne, suka je suka bincika, suka buga rahoto a kan kisan da kuma dawowar bauta. Ushari ya sha tsari saboda wannan aiki. A 1988 yunwa ta kashe mutane bila adadin a Baharul Gazal. Sudan Times ta dinga buga labarin yunwar da na harin da na satar mutane, a lokacin da gwamnati take musun su. Tun da yake da Turanci take fitowa, jakadun ƙasashe da ƙungiyoyin agaji suna karanta ta, labarin kuwa ya ƙetare iyaka.

Ran 30 ga Yuni 1989 Umar al-Bashir ya yi juyin mulki, ya rufe dukan jaridu masu zaman kansu. Bona Malwal ya zauna a Ingila, daga can ya riƙa fitar da wata takardar labarai mai suna Sudan Democratic Gazette. Shekara 11 'yan Kudu na Hartum suka yi ba su da jaridar kullum tasu mai zaman kanta.

Jabarona da Khartoum Monitor

A cikin shekarun nan ne al'ummar ta fi girma. A zamanin The Vigilant 'yan Kudu na birnin ba su da yawa: ɗalibai, ma'aikata, leburori, 'yan aikin gida. Yaƙi da yunwa suka koro jama'a har ƙungiyoyin agaji suka ƙiyasta 'yan gudun hijira a Hartum da kewaye sun kusa miliyan biyu, mafi yawansu daga kudu da Duwatsun Nuba. Suka yi ɗakunan kwali da buhu a bayan gari. Ambaliyar Agusta 1988 ta share da yawa. Daga 1991 gwamnati ta shiga rushe unguwanninsu da katafila, tana kwashe su zuwa sansanoni a cikin hamada: Jabal Auliya da Mayo a kudancin Hartum, Wad al-Bashir da Darus Salam a yammacin Omdurman. Mazauna Darus Salam suka sa wa wurin suna Jabarona, wato an tilasta mana. Matan da ba su da wata sana'a sai dafa giya irin burkutunmu, doka ta hau kansu, suka cika kurkukun mata na Omdurman, wasu da jarirai a goye. Rumfunan da ake sujada da karatun yara a ciki, su ma katafila ba ta ƙyale su ba.

A shekara ta 2000 wasu 'yan jarida 'yan Kudu suka kafa Khartoum Monitor. Shugabansu Alfred Taban ne, mutumin Kajo-Keji kusa da iyakar Yuganda, wanda aka haifa a 1957, ya kuma daɗe yana aika wa BBC labari daga Hartum. Nhial Bol ne mai kula da aikin yau da kullum. Jaridar ta riƙa kawo labarin rushe-rushe, da na sansanoni, da na zaman sulhu da ake yi a Kenya, ta kuma ba 'yan Kudu fili su yi muhawara da junansu.

Ba ta cika shekara ba aka gwada ta. A lokacin Ista na 2001 ikilisiyoyin Hartum suka gayyaci mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, wanda mutanen Kano ba za su manta da abin da ya faru a kan zuwansa a Oktoba 1991 ba. An shirya taron a babban filin da ake kira Koren Fili, sai a ƙurarren lokaci hukuma ta ce a kai shi bayan gari. Ran 11 ga Afrilu masu bi suka taru a babbar majami'ar All Saints domin su ji abin da shugabanninsu za su ce. 'Yan sanda suka shiga da barkonon tsohuwa. Aka kama wajen mutum ɗari, kotu ta yanke wa da yawa bulala da ɗauri. Alfred Taban yana wurin yana aikinsa, aka haɗa da shi, ya yi kusan mako guda a tsare.

Daga nan matsin bai tsaya ba. A Janairu 2002 aka gurfanar da Nhial Bol, aka ci shi tara, shi da jaridar, saboda rubutu a kan bauta. A 2003 an rufe jaridar ba sau ɗaya ba, har kotu ta soke takardar izininta. A 2005 ma an sake rufe ta na ɗan lokaci. Akwai kuma dabaru biyu da jami'an tsaro suka saba yi wa jaridun Sudan. Wani lokaci sukan zo ofis da dare su karanta shafuffuka kafin a kai maɗaba'a, su cire abin da ba su so. Wani lokaci kuma sai su bari a gama bugawa, an kashe kuɗin takarda da tawada, sa'an nan su kwashe duka. Ta biyun ta fi cutarwa, gama jaridar da masu karatunta talakawa ne, 'yan kasuwa kuma suna tsoron ba ta talla, ba ta iya jure asara sau da yawa. Duk da haka, duk lokacin da aka buɗe ta sai ta koma kan maganar da aka rufe ta dominta. A 2005 'yan jaridar majalisar Ingila suka ba Taban lambar yabo, a 2006 kuma ya karɓi wata a Amurka.

Gaskiya ita ce jaridar tana da iyakarta. Matar da take Jabarona ba ta jin Turanci. 'Ya'yanta da aka haifa a Omdurman da Larabci suka tashi. Saboda haka Monitor ta fi yin magana a madadin talakawan sansani fiye da yin magana da su. Wannan rauni ne da ya bi jaridun nan uku tun daga farko, gadon makarantun zamanin Turawa ne.

Rana ɗaya ta zama baƙuwa

Ran 9 ga Janairu 2005 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi. Ran 8 ga Yuli John Garang ya shigo Hartum, jama'a suka yi dafifi a Koren Filin nan da aka hana masu bi a 2001. Bayan mako uku, ran 30 ga watan, ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu. Kamar yadda ya faru a 1964, zato da jita-jita suka riga bayani isowa, aka yi kwana uku ana tarzoma a birnin, mutum fiye da ɗari suka mutu.

A Janairu 2011 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 99 cikin ɗari na 'yan Kudu suka zaɓi rabuwa. Tun kafin ƙuri'ar mutane suka fara ɗaure kaya, suna bin motoci da jiragen ruwa zuwa ƙasar da wasu daga cikinsu ba su taɓa gani ba. Ran 8 ga Yuli 2011, ana gobe Sudan ta Kudu za ta sami mulkin kai, hukumar kula da jaridu ta janye izinin jaridu shida, biyar na Turanci da ɗaya ta Larabci mai suna Ajras al-Hurriya. Khartoum Monitor tana cikinsu. Dalilin da aka bayar shi ne doka ta ce sai ɗan ƙasa zai mallaki jarida, masu waɗannan kuwa daga gobe ba 'yan ƙasa ba ne. Abin da tara da kurkuku suka kāsa yi cikin shekara 11, takarda guda ta gama shi.

Gwaji mafi wuya

Da tarihin ya ƙare a nan, da sai mu ce labarin azzalumi ne da wanda aka zalunta kawai. Amma Taban ya kwashe jaridarsa ya kai Juba, ya sa mata suna Juba Monitor. Yanzu masu mulki 'yan'uwansa ne, mutanen da ya yi shekaru yana kāre hakkinsu, yawancinsu kuma masu zuwa sujada ne ran Lahadi.

A Disamba 2012 aka harbe wani marubucin sharhi da aka sani da Isaiah Abraham a ƙofar gidansa a Juba. A Disamba 2013 yaƙi ya tashi tsakanin Shugaba Salva Kiir da Riek Machar. A Agusta 2015 jami'an tsaro suka rufe The Citizen, jaridar da Nhial Bol ya kafa bayan ya bar Monitor. A Yuli 2016 sojan Kiir da na Machar suka sake gwabzawa a tsakiyar Juba, ɗaruruwa suka mutu. Taban ya rubuta a shafinsa cewa shugabannin nan biyu sun kāsa, ya kamata su sauka. Ran 16 ga Yuli aka kama shi, ya yi kusan mako biyu a tsare kafin a ba da belinsa. Ya rasu a Kampala ran 27 ga Afrilu 2019.

A nan ne aka gane ko wane irin ɗan jarida ne shi. Faɗin laifin wanda ba naka ba yana bukatar ƙarfin hali, amma jama'arka za su tafa maka. Faɗin laifin naka kuwa, har waɗanda suka tafa maka jiya sukan ce ka ci amana. Mutumin da Hartum ta tsare a 2001 shi ne Juba ta tsare a 2016, a kan abu ɗaya: ya rubuta abin da ya gani.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai iya cewa Sudan da nisa. Ba ta da nisa haka. Hanyar alhazai ta ƙasa ta bi ta can shekaru aru-aru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake. Hausawa suna nan a Hartum da Omdurman da Gadarif da Kasala, sun haifi 'ya'ya da jikoki a can, amma sun daɗe suna jin ana ce musu baƙi. A Yuli 2022, bayan rikicin ƙasa a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka fiye da ɗari, dubban Hausawa suka fito titunan Hartum suna neman a yi wa matattunsu adalci. Addininsu dabam da na yawancin 'yan Kudu, amma kukan iri ɗaya ne da na 1965. Ran 15 ga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a cikin Hartum kanta tsakanin soja da rundunar RSF, maɗaba'u suka tsaya, jaridun takarda suka daina fita, miliyoyin 'yan birni suka ɗanɗana gudun hijirar da 'yan Jabarona suka sani.

Mu ma a nan mun san darajar jarida da harshen gida, tun daga Janairu 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya yana karantawa goma suna saurare. Mun kuma san yadda ake kashe mutane a ƙauye, labarin ya fito a layi biyu, ba suna ko ɗaya. Tarihin jaridun nan uku yana koya mana kada mu jira wani ya zo daga nesa ya rubuta mana. Malamin makaranta da sakataren ikilisiya da ɗalibi, kowa yana iya ajiye littafi, ya rubuta kwanan wata da wuri da sunaye, ya tabbatar kafin ya rubuta, ya rubuta da harshen da tsohuwa za ta gane idan an karanta mata. Sa'an nan ya shirya wa ranar da mai laifin zai zama ɗan ƙabilarsa ko ɗan ikilisiyarsa. Idan a ranar nan ya ajiye alƙalami, to, abin da ya rubuta a baya ma ba wanda zai ƙara gaskata shi.